Tagar da Ke Wa'azi

A masallatan da na tashi ina salla, daga garinmu Anka har Gummi da Bukkuyum, bango fes yake. In an ƙawata shi, to da aya ce ko da zanen abin da ba shi da rai. Shi ya sa tagogin gilashi masu launi na tsofaffin majami'un Kirista suka daɗe suna ba ni abin tunani.

A babbar majami'ar Chartres ta Faransa akwai irinsu fiye da 150, yawancinsu aikin farkon ƙarni na 13. Ga Annabi Nuhu da jirginsa, ga Annabi Yusuf da 'yan'uwansa, ga Nana Maryamu rungume da ɗanta. Gilashin guntu-guntu ne, shuɗinsa daga kobalt, jansa daga jan ƙarfe, abin da ke riƙe da shi kuma dalma ce, ita dai wadda gubarta ta kashe mana ɗaruruwan yara a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010. Ko a nan gida Yusuf Grillo, wanda ya koyi zane a Zariya ya rasu a 2021, ya yi wa majami'un Legas irin waɗannan tagogi.

Me ya kai hoto ɗakin ibada? Wajen shekara ta 600 Fafaroma Giregori ya rubuta wa bishop ɗin Marseille, wanda ya farfasa hotunan majami'unsa, cewa hana bauta musu daidai ne, amma fasa su kuskure ne, domin da su wanda bai iya karatu ba yake sanin labari. Kiristocin ma ba su haɗu a kan haka cikin sauƙi ba. A daular Rumawa ta gabas an shafe fiye da shekara ɗari ana rigimar hoto, sai a 843 ta lafa.

Mu hujjarmu a fili take. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Waddu da Suwa'u da sauransu salihan bayi ne daga mutanen Nuhu. Da suka rasu aka kafa musu alamu don tunawa, da ilimi ya gushe sai jikoki suka bauta musu. Musulunci ya toshe ƙofar tun daga nesa, ni ma a kan haka nake.

Sai dai tambayar da Fafaroman ya amsa, mu ma ta same mu: yaya labarin annabawa zai isa ga manomin da bai taɓa riƙe allo ba? Shehu Usmanu ya yi shekaru yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara da harshen da talaka ke ji. 'Yarsa Nana Asma'u ta tsara waƙoƙi, jajinta, wato matan da ta koyar, suka kai wa matan ƙauye. Kiristoci sun bi ta ido, mu muka bi ta kunne.

To, kunne ya tsira ke nan? Ban yarda ba. Na ga saurayin da wayarsa ke cike da karatun malami guda, in ka kawo masa aya sai ya tambaye ka ko malam ya faɗa. Na ji waƙar yabon shehi da ta ɗaga shi inda ko shi ba zai yarda a kai shi ba. Babu gilashi a nan, babu dalma, amma cutar mutanen Nuhu ce: an ba mutum abin da zai tuna da Allah, ya tsaya a kan abin.

Saboda haka ba na yi wa maƙwabcina Kirista dariya a kan tagarsa, ko da yake ba zan sa ta a masallacinmu ba. Shi ya san inda haɗarinsa yake, magabatansa sun yi ta jayayya a kai. Namu ya fi wuyar ganewa, domin wanda ya mayar da malaminsa gunki yana iya rantsuwa cewa bai taɓa rataya hoto a ɗakinsa ba, kuma gaskiya ya faɗa.