Ɗumin Gida da Iyakar Israfi

A watan Satumba na 2022, bayan da Rasha ta rage iskar gas da take tura wa Turai saboda yaƙin Yukren, gwamnatin Jamus ta hana ɗumama ofisoshin gwamnati fiye da digiri 19. Sifen ta riga ta da wata guda, ta ce a shaguna da ofisoshi ɗumi kada ya wuce 19, sanyin iyakwandishan kuma kada ya sauka ƙasa da 27. Da waɗannan dokoki, 'yan siyasa suka tsinci kansu a gaban tambayar da malaman fiƙihu suka daɗe suna jujjuyawa: a ina buƙata take tsayawa, a ina ɓarna take farawa?

Na'urar da ƙasashen sanyi suka fi rungumar ta a wancan lokaci ita ce famfon zafi. Ba ta ƙona gas, ba ta ƙona itace. Zafin da ke cikin iskar waje, ko cikin ƙasa, ko ruwa, shi take kwasowa, kwamfireso ya ƙara masa ƙarfi, ta sako shi cikin ɗaki ko da ƙanƙara na zuba. Masanin Birtaniya Lord Kelvin ya bayyana dabarar tun 1852, kuma a 1938 aka ɗumama zauren majalisar Zurik da zafin da aka ja daga kogin Limmat. Da ma'aunin lantarki ɗaya takan samar da ma'auni uku zuwa huɗu na ɗumi. A Norwe, kusan gida shida cikin goma na amfani da ita.

Abin da ke jan hankalin mai tunani shi ne yadda wannan na'ura take ƙaryata tsimin da aka saba da shi. Magidancin da ya girma da tukunyar gas ya saba ya kashe ta in zai fita, ya dawo ya murɗa ta har ƙarshe. In ya yi wa famfon zafi haka, kuɗin wuta ne zai hau, domin gidan da ya huce gaba ɗaya na tilasta wa na'urar aiki da ƙarfi, wasu samfuran ma su tayar da hitar lantarki ta taimako wadda ke cin ma'auni ɗaya ta ba da ɗaya tak. Masu haɗa ta suna ba da shawarar a bar ta tana aiki a hankali, dare da rana. Ruwan da ke zagaya bututun ɗumi in yana kusa da digiri 35 ya fi sauƙin wuta nesa ba kusa ba a kan mai digiri 55, kuma akan saita ta ta riƙa bin yanayin waje, ta ƙara zafin ruwan ne kawai in sanyi ya tsananta. Ke nan niyyar tsimi ba ta isa ba. Sai an san yadda abin yake aiki.

Musulunci bai yabi ƙwauro ba kamar yadda bai yabi almubazzaranci ba. Aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta siffanta bayin Allah na ƙwarai da tsayawa tsakanin biyun, aya ta 31 ta Suratul A'araf kuma ta halatta ci da sha ta hana wuce iyaka. Akwai ruwayar Ibn Majah da ke cewa Annabi (SAW) ya ja hankalin sahabinsa Sa'ad kan yawan ruwan alwala, ya nuna masa cewa israfi na nan ko a bakin kogi mai gudu mutum yake. Wannan ya shafi Norwe kai tsaye, tunda kusan kashi 90 cikin ɗari na lantarkinta daga ruwa yake fitowa. Yalwar abu ba ta zama lasisin ɓata shi.

Sai dai ba a auna israfi da lamba ɗaya ga kowa. Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, ya kasa maslahar ɗan Adam gida uku: larura, da buƙata, da ƙawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗaki ya gaza digiri 18 a lokacin hunturu, domin ƙasa da haka cututtukan numfashi da na zuciya na ƙaruwa. Wannan larura ce. Tsohuwar da ke zaune a Ingila cikin bargo, tana tsoron kunna ɗumi saboda takardar kuɗin wuta, ba zuhudu take yi ba. Talauci ne ke cutar da ita, kuma haƙƙinta na kan al'umma. Digiri 21 ga jariri ko mai ciwon gaɓɓai buƙata ce. Matashi lafiyayye da ya kai ɗaki 25 don ya zauna da singileti a watan Janairu, shi ne ya shiga fagen da ya kamata ya tuhumi kansa.

Akwai kuma israfin da ba a cika kawo shi a mumbari ba, wato na sakaci. Matatar iska da ƙura ta toshe, ganye ko ƙanƙara da suka rufe akwatin waje, duba na shekara-shekara da aka yi watsi da shi: duka suna sa na'urar famfon zafi ta ci wuta fiye da kima ba tare da kowa a gidan ya ji ƙarin daɗi ba. Wannan ɓarnar ta fi muni, domin mai almubazzaranci ko ba komai ya mori abin da ya kashe. Dukiya amana ce, kuma kula da abin da aka saya da ita na cikin riƙon amanar.

Iyakwandishan da ke manne a bangon gidajen Kano da Sakkwato wannan na'ura ce, aiki kawai ta juya, tana kwashe zafin ɗaki ta watsar waje. A zafin Afrilu, sanyaya ɗakin mara lafiya larura ce da babu mai musu. Amma akwai masu saita ta a 16 su kwana cikin bargo, matatarta cike da ƙurar hunturu, alhali tiransifomar unguwa na nishi, maƙwabta na fama da wuta mara ƙarfi. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, abin da ya sa magidanta da dama suka fara duba rimot. Indiya ba ta jira haka ba: tun Janairun 2020 ta wajabta wa kamfanoni su fito da sababbin iyakwandishan a saite kan digiri 24.