Shin Wahalar Ƙafa Tana Ƙara Lada?

Akwai wata fahimta da ba wanda ya karantar da mu ita a zaure, amma kusan kowa ya tashi da ita: wai ibadar da ba ta ci jiki ba, da sauranta. Mai azumin da bai galabaita ba sai ya riƙa jin kamar ya ci bulus. Alhajin da ya dawo fes, ƙafa ba kumburi ba faso, abokan wasa sai su ce yawon shan iska ya je. Ni kuwa na daɗe ina shakkar wannan magana, kuma abin da ya ƙara mini shakka takalmi ne.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya daɗe da ciwon suga. Ciwon nan ba a jini kaɗai yake tsayawa ba. A hankali yake cin jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga tafin ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa, ya kuma rage gudun jini zuwa yatsu. Sai mutum ya taka ƙusa ko tsakuwa ya yini da ita a cikin takalmi bai sani ba. Ɗan ƙurjin da mai lafiya zai warke daga gare shi cikin mako, a wurin mai suga yakan zama gyambo, gyambon kuma in an yi sake da shi har yanke ƙafa yake kaiwa. Shi ya sa da Allah ya ba Kawu kujerar Makka, likitarsa ba ta tsaya a kan ƙwayoyi kawai ba. Ta hana shi tafiya ba takalmi ko da a tsakar gida. Ta hana shi silifa mai igiya tsakanin yatsu, domin a nan fata ke fara saɓulewa. Ta ce ya nemi takalmi mai faɗin baki, mai laushin ciki, mai maɗauri a dunduniya, ya sa shi da safar auduga.

Da na maimaita masa wannan a gida, sai ya dube ni ya ce, "Yaro, aikin Hajji zan je ko ɗaurin aure? Magabata a ƙasa suka taka har Makka, ni kuma sai in je wa Ubangiji da katifa a ƙafa?"

Ban raina maganarsa ba, don tana da tushe. Kakanninmu sun bi ta Borno da Wadai da Darfur, wasu shekaru suka kwashe a hanya, wasu ma a Sudan suka tsaya har zuriyarsu ta yaɗu a can. Akwai kuma hadisin da Annabi (SAW) ya nuna wa Nana A'isha cewa ladan umararta gwargwadon wahalarta ne ko abin da ta kashe. Kawu ya san wannan, kuma shi ya riƙe.

Sai dai akwai bambanci tsakanin wahalar da ibada ta zo da ita, da wadda mutum ya je ya ɗauko ya ɗora wa ibadar. Wanda ya taka daga Kano saboda ba jirgi a zamaninsa, wahalarsa ta hanya ce, ba shi ya ƙirƙire ta ba. Wanda kuwa yake da takalmi a jaka ya ƙi sawa, shi ya yi wa kansa. Kuma wannan mas'ala an kai ta gaban Annabi tun yana raye. 'Yar'uwar Uƙbatu ɗan Amir ta yi bakancen za ta tafi Ɗakin Allah a ƙasa, ba takalmi; amsar da aka aika mata ita ce ta yi tafiya, ta kuma hau abin hawa. Annabi ya ga wani dattijo yana jan jiki tsakanin 'ya'yansa biyu saboda irin wannan alwashi, sai ya umarce shi ya hau, ya bayyana cewa Allah ba ya da bukatar mutumin nan ya azabtar da kansa. Abu Isra'ila da ya yi bakancen tsayuwa a rana, ba zama ba magana, ga azumi, an ce ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa. A duba abin da aka bar masa: azumin kawai, domin shi kaɗai ne ibada a cikin jerin.

Wurin da abin Kawu ya fi ba ni mamaki shi ne, wahalar da yake neman lada da ita ba ma zai ji ta ba. Ƙafar da jijiyoyinta suka mutu za ta iya toyewa a kan kwalta mai ita yana ta talbiyya cikin nishaɗi. To haƙurin me ya yi? Ba a haƙuri da abin da ba a ji ba. Abin da zai samu kawai shi ne rauni, wanda zai gani da ido da dare, a lokacin da aikin gama ya gama. Mun saba ɗaukar zafi a matsayin jarrabawa, amma wanda ya rasa jinsa shi ya san cewa mai gadi ya rasa. Wanda Allah ya ɗauke wa wannan gadi, tilas ya maye gurbinsa da ido da hankali: duba tafin ƙafa kowane dare, da zazzage takalmi kafin sawa.

Zafin rana a Makka kuma ba na wasa ba ne. A Hajjin 2024, da ya faɗo a watan Yuni, zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da rasuwar mutum 1,301. Farin dutsen da aka shimfiɗa a filin ɗawafi, wanda aka kawo daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, ba ya riƙe zafi sosai, shi ke yaudarar mutane. Hatsarin yana waje: alhaji ya fito daga sallar azahar, ya nemi silifansa a bakin ƙofa ya rasa, ya ce bari in lallaɓa zuwa masauki haka nan. Ga kuma yawan tafiya: Safa da Marwa kaɗai, sawu 7 a tsakaninsu, sun kai kimanin kilomita 3, ba a maganar Mina da wurin jifa.

Sauran abin da ya tsaya wa Kawu a rai shi ne harami. Gaskiya ne namiji mai harami ba ya sa huffi ko safa. Sunna ita ce takalmi buɗaɗɗe, kuma wanda bai samu ba an yarje masa ya yanke huffinsa ƙasa da idon sawu. Amma shari'ar da ta hana ita ta buɗe ƙofa. Ka'abu ɗan Ujra ƙwarƙwata ta addabe shi yana cikin harami, aka ba shi izinin aske kai ya yi fidiya: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, ko yanka akuya ko tunkiya. Asalin wannan yana cikin aya ta 196 ta Suratul Baƙara, kuma malamai sun yi ƙiyasin sauran lalurori a kansa. In ƙwarƙwata ta isa uzuri, ban ga yadda tsoron rasa ƙafa zai kasa ba. Mata kuwa dama ba a hana su safa da sau-ciki ba.

Abin da ya shawo kan Kawu a ƙarshe ba ni ba ne, limamin unguwarsu ne, sa'ansa, wanda ya tambaye shi ko yana ganin ya fi Ka'abu tsoron Allah. Muka je wurin wani baduku a kusa da Kasuwar Kurmi, da la'asar, saboda ƙafa takan ɗan kumbura da yamma, kuma awon safe yakan matse. Ya ɗora ƙafafun Kawu a kan kwali ya zana kowace daban, ya ga ta hagu ta ɗara ta dama faɗi. Ya yi masa na fata mai taushi, ɗinkin duk a waje don kada ya goge shi, maɗauri a ƙasa da idon sawu. Ya ja kunnensa ya fara sawa kaɗan-kaɗan tun yanzu, kada ya kai sabon takalmi Arfa. Kawu ya biya yana mita cewa kuɗin ya kai na silifa goma, sannan ya sa a lissafa masa abin da ciyar da mutum shida zai ci saboda safar, don azumi likita ta riga ta hana.