AMANAR JARIRI A HANNUN MA'AIKACIN ƘARAMAR HUKUMA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, wannan nasiha ce gare ka, kai da Allah ya jarrabe ka da aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, aka ɗora ka a kan kuɗin tallafin da ake bai wa mata masu ciki da masu goyo da gidajen da ke da ƙananan yara. In kuwa kai ba ma'aikaci ba ne, kada ka ajiye littafin nan, don kuwa mai unguwa da kansila da limami da maigida duk suna da hannu a cikin wannan al'amari.

Tambayar da za mu duba ita ce wannan: ma'aikaci ya ɗaga hannu ya rantse cewa bai taɓa cin ko kwabo daga kuɗin nan ba, kuma gaskiya ya faɗa. Shin da wannan kaɗai ya sauke amanar da aka ɗora masa?

WANE NE MAI KUƊIN?

Da farko ka san mai dukiyar da ke hannunka. Ciyaman ba shi da ita, jam'iyya ba ta da ita, kai ma ba ka da ita. Mai ita wani ɗan tayi ne a cikin uwarsa, ko jariri a bayanta, wanda ba ya magana, bai san hanyar sakatariya ba, ba zai rubuta takardar koke ba. In an cuci babba yakan yi kuka a ji. Jariri kuwa sai dai ya rame.

Likitoci sun tabbatar cewa kwana 1,000 na farko, wato daga shigar ciki har yaro ya cika shekara biyu, a cikinsu ne jiki da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Yaron da yunwa ta tsumbura a wannan lokaci, da wuya abincin da zai ci daga baya ya mayar masa da abin da ya rasa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Wato fiye da rabin yaranmu ke nan. Allah Maɗaukakin Sarki ya riga ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa a cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, ya kuma ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita.

A kan wannan ne aka yi wani shiri a Jigawa da Zamfara, da kuɗin gwamnatin Ingila, a ƙananan hukumomin Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma da Anka da Tsafe. An fara biya a 2014, aka rufe shirin a 2019. Mace in ta sami ciki sai a rubuta sunanta, ana ba ta Naira 3,500 kowane wata har ɗanta ya shekara biyu, a 2017 aka mai da shi Naira 4,000. Gwamnatin Tarayya ita ma daga ƙarshen 2016 ta fara bai wa gidajen matalauta Naira 5,000 a wata, a 2023 kuma aka yi shelar Naira 25,000 har wata uku. Ko daga Landan kuɗi suka taso ko daga Abuja, ƙarshe dai sai sun bi ta kan takardar sunaye. Masu shiga ƙauye su rubuta wannan takarda kuwa galibi ma'aikatan ƙaramar hukuma ne, tare da masu unguwanni. Wato kai ke nan.

DAREN DA UMARU YA JI KUKAN YARO

Kada wani ya ce maka tallafin yara baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Sarkin Musulmi Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, shi ya kafa diwani, wato littafin sunayen masu rabo daga Baitulmali, wajen shekara ta 20 bayan Hijira. Da farko ba ya yanka wa yaro rabo sai an yaye shi.

Ibnu Sa'ad ya kawo a cikin Ɗabaƙat cewa wani ayarin fatake ya sauka a Madina, sai Umaru da Abdurrahmani ɗan Aufu suka kwana suna gadinsu suna salla. Cikin dare Umaru ya ji kukan wani yaro, ya je ya yi wa uwar nasiha ta kula da ɗanta. Kuka bai tsaya ba, ya koma. A karo na uku ya yi mata faɗa. Ita kuwa ba ta san ko wane ne ba, sai ta gaya masa yaye take ƙoƙarin yi masa da ƙarfi tun lokaci bai yi ba, saboda Umaru ba ya ba da rabo sai ga yayayye. Da asuba Umaru ya ja salla, mutane ba su iya gane karatunsa saboda kuka. Da ya sallame ya zargi kansa da halaka 'ya'yan Musulmi, ya sa aka yi shela kada kowa ya gaggauta yaye, don daga ranar kowane jariri yana da rabonsa tun daga haihuwa. An ruwaito rabon dirhami 100 ne.

To, tsaya ka yi tunani. Umaru bai ci dirhami ɗaya ba. Littafinsa daidai yake, lissafinsa ya cika. Duk da haka ya ga kansa mai laifi, domin ƙa'idar da ya kafa tana cutar da yaro a wani lungu. Kuma bai gane haka daga littafi ba, sai da ya fita cikin dare. Ka ga amsar tambayarmu ta fara fitowa: tsarkin hannu sharaɗi ne, amma amana ta fi shi faɗi.

ƘOFOFI HUƊU NA HA'INCI

Ƙofa ta farko, takardar sunaye. Kansila ya aiko maka da sunaye goma na 'yan jam'iyyarsa, ƙanwar mahaifinka ta aiko da na 'yarta, wani ya kawo sunan matar da ba ta da ciki ba ta da goyo, ko ma ba ta duniya. Kai kuma ka ce ai naka sai naka, ba aljihuna suka shiga ba. Ɗan'uwa, gurbi a ƙidaye yake. Duk sunan da ka shigar ba bisa haƙƙi ba, akwai sunan da ka fitar, sai dai ba ka ga fuskar mai shi ba. Wannan shaidar zur ce da alƙalami, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa shaidar zur cikin mafi girman manyan zunubai. Suratun Nisa'i, aya ta 58, ta umarce mu da mayar da amana ga masu ita, aya ta 135 kuma ta umarce mu da tsayar da adalci ko da a kan kanmu ne ko iyaye da dangi.

Ƙofa ta biyu, na goro. Mace ta karɓi kuɗinta, a bakin ƙofa ta miƙo maka ɗari biyar, ko mijinta ya aiko maka da kaza. Ka ce kyauta ce, ban roƙa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kashi ya ce shi kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya tambaya, me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya gani ko kyautar za ta zo masa? Ya kuma yi gargaɗi cewa mai ɗaukar irin wannan zai zo ranar Alƙiyama yana ɗauke da shi a wuyansa. Kai ma ka gwada kanka da wannan ma'auni: kafin a ba ka kujerar nan, matar ta taɓa aiko maka da kaza? Tsoro ne ya sa ta bayar, kada a goge sunanta wata mai zuwa. Kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin ayyukan zalunci da ya yi inkari. Sunan ne ya sauya, abin yana nan.

Ƙofa ta uku, jinkiri. Kuɗi sun iso, takarda tana kan teburinka, kai kuwa ka tafi ɗaurin aure, ka tafi gona, ka ce su dawo mako mai zuwa. Matar da ta taso daga ƙauye da goyo a baya ta ci bashin kuɗin mota, ta wuni a rana, ta koma hannu wofi. Ba ka ci kwabonta ba, amma ka sa ta kashe nata. Mako biyu a wurinka ba komai ba ne. A wurin jariri mai gudawa cikin watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai iso ba, mako biyu kan raba rai da mutuwa.

Ƙofa ta huɗu, wulaƙanci. Tsawa, da zagi, da gori, kai ka ce daga aljihunka kake bayarwa. Allah ya hana mai sadaka da dukiyarsa ta kansa ya ɓata ta da gori da cutarwa, a Suratul Baƙara aya ta 264. To, ina ga wanda ɗan aike ne kawai? Mafi muni shi ne wanda zai nemi matar mutane da alfasha kafin ya rubuta sunanta. Muna neman tsarin Allah.

WASU TAMBAYOYI DA AKAN YI

Wani zai ce: ƙanwata matalauciya ce da gaske, tana da goyo, in hana ta don ni ne ma'aikaci? A'a, kada ka hana ta haƙƙinta, wannan ma zalunci ne. Sai dai ka janye hannunka daga maganarta. Ka sanar da na gaba da kai cewa 'yar'uwarka ce, ka bar wani ya bincika ya yanke. In ta shiga, ta shiga da haƙƙi, in ba ta shiga ba ka taimaka mata daga albashinka.

Wani zai ce: ga wata mabukaciya ƙwarai, amma ƙa'ida ba ta hau kanta ba, in ɗan gyara takarda? Kada ka yi ƙarya a takarda, don ƙofar da ka buɗe yau saboda tausayi, gobe kansila zai shigo ta cikinta. Ka yi irin na Umaru gwargwadon matsayinka: shi ya gyara ƙa'ida domin shi ne mai ita, kai kuma ka rubuta wa masu ita, ka faɗa a taro, ka maimaita. Sannan ka kai maganar matar ga kwamitin zakka ko masallacin unguwa.

Wani zai ce: a gundumarmu akwai waɗanda ba Musulmi ba. To, sai me? Kuɗin na jama'a ne, an ba ka su a kan sharaɗin talauci da goyo. Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta hana ko ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar adalci, balle maƙwabcin da kuke zaune lafiya. Haka wanda ba ɗan ƙungiyarku ba, ko ba ɗan masallacinku ba. Yunwar jariri ba ta da jam'iyya.

Wani kuma zai ce: aikin nan cike yake da haɗari, gara in bar shi. In ka san kanka ba za ka iya tsayuwa ba, bari ya fi. Amma in za ka iya, ka sani kujerar ba za ta zauna wofi ba. In masu tsoron Allah suka gudu, wa kake zaton zai hau? Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar saboda ya san zai iya tsarewa kuma yana da sanin aikin. Abu biyu ke nan, tsarewa da sani. Don haka ka koyi aikinka, ka iya lissafi, ka iya adana takarda, don jahilcin ma'aikaci ma yana cin haƙƙin mutane.

KALMA GA MAIGIDA

Kai kuma da aka rubuta sunan matarka, kada ka tare ta a zaure ka karɓe. An ba ta ne saboda abin da ke cikinta ko bayanta: ƙwai, da wake, da gyaɗa, da kifi, da zogale, da kuɗin zuwa awo. Kuma tallafi bai ɗauke maka ciyarwar da Allah ya wajabta maka ba. Tallafi yakan zo ya wuce, kamar yadda na Jigawa da Zamfara ya wuce. Wajibinka yana nan.

KAMMALAWA

Ya ɗan'uwa, ga abin da za ka riƙe. Ka sa a karanta sunaye a bainar jama'a, a liƙa su inda kowa zai gani. Ka gaya wa kowace mace adadin kuɗinta da bakinka, ka gaya mata ba wanda yake da ko kwabo a ciki. Umarnin da ya saɓa wa gaskiya ka ce a ba ka shi a rubuce, sau da yawa a nan yake mutuwa. Ka riƙa fita ƙauyukan da mota ba ta zuwa, da rugagen Fulani, da wurin waɗanda rashin tsaro ya raba da gidajensu, don mafi bukata su ne mafi nisa da sakatariya.

Za a ce ka cika tsauri, watakila a yi maka canjin wurin aiki. Ka yi haƙuri, ga bushara. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa ma'aji Musulmi amintacce, wanda yake miƙa abin da aka umarce shi cikakke, da daɗin rai, ga wanda aka ce ya bai wa, ana lissafa shi ɗaya daga cikin masu sadakar. Dukiyar ba taka ba ce, amma kana da lada a kowace Naira da ta isa inda aka nufa.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya raya mana zuriya cikin lafiya da imani, ya sa mu cika da kyau. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.