Sunan Allah A Bayan Rigar Na'urar Waƙa

A wannan mako za mu duba wani ɗan abu da ido ke rainawa, watau rigar roba da a ke sanya wa 'yar na'urar sauraron waƙa ta aljihu.

Tun 1979, da kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da Walkman mai cin kaset, mutane su ka fara yawo da kiɗa a jikinsu. A 2001 kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPod, wadda ba ta bukatar kaset, ya kuwa daina ƙera ta a 2022, amma ire-irenta na nan a kasuwa. Da ya ke abu ne mai saurin fashewa, sai a ka yi masa riga. Sa'an nan masu ɗab'i su ka shigo: ka ba su hoto ko rubutu, su buga maka a bayan rigar da inji. Wani hoton ɗansa ya ke so, wani tambarin ƙungiyar ƙwallo. Wani kuma, musamman wanda ya cika na'urarsa da karatun Alƙur'ani da wa'azi, sai ya sa a buga masa aya, ko ɗaya daga cikin sunayen Allah kyawawa. A kan wannan na ƙarshe mu ke magana.

To, mu tambayi kanmu, don me a ka yi rigar? An yi ta ne don ta sha wahalar da na'ura za ta sha. Ita ke fara dukan ƙasa in abin ya suɓuce, ita ke shan gumi da maiƙon hannu, ita ke gogayya da makullai da tsabar kuɗi cikin aljihu. Ku dubi gafaka da kakanninmu su ka ɗinka wa Alƙur'ani. Can fata ce a waje ta na shan ƙura da rana, maganar Allah ta na ciki a ɓoye. Nan kuwa an juya al'amari: aya ce a waje ta na karɓar duka, don kada inji ya ƙwarzane. Mai rigar bai nufi haka ba, na sani, amma haka ɗin ya ke faruwa kullum cikin aljihunsa.

Wani zai ce ai tunatarwa ce, kuma zoben Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an zana masa suna a layi uku, har da sunan Allah. Gaskiya ne. Amma zoben hatimi ne na buga wa wasiƙun sarakuna, ba garkuwar wani abu ba. Akwai kuma ruwaya ta Abu Dawuda cewa ya kan cire shi in zai kewaya, ko da ya ke malaman hadisi sun yi saɓani kan ingancinta. Duk da haka malaman fiƙihu sun karhanta shiga makewayi da abin da ke ɗauke da sunan Allah, sai da lalura. Wane ne cikinmu ke tunawa ya zazzage aljihu a ƙofar bayan gida?

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen rigar. Roba ta kan koɗe, ta tsage, a sayi sabuwa. Ina tsohuwar za ta? Almajiri ya san ruwan da ya wanke allo da shi ba a zuba shi inda ƙafa ke takawa. Sayyidina Usman, Allah ya ƙara masa yarda, da ya haɗa jama'a kan mus'hafi guda, umurni ya yi a ƙone sauran. Rigar roba kuwa sai ka tsince ta a bola, ko a kwata. Shi ma mai ɗab'i ya na da nasa alhakin, domin wadda ta ɓaci wajen bugu a shagonsa a ke yar da ita.

Wanda ke son ado ya buga sunan garinsu, ko zayyana irin ta dukawa. Wanda ya riga ya buga aya kuwa, kada ya jefar da rigar sai ya kankare rubutun sarai.