Ilimin Ɗalibi, Na Wane Ne?

Ya mai karatu, in saurayi ya ƙetare teku domin ya koyi ƙirar injunan asibiti, wa ke binsa bashi? Waɗanda suka buɗe masa ɗakin bincike suna da hakki a kansa, gama sun ciyad da shi. To, na gida fa?

Hippolite Amadi, mutumin Nijeriya, ya yi karatun dokta a Imperial College ta Landan. Ya ga akwatunan ɗumama bakwaini sun mutu a asibitocin ƙasarsa, an jingine su a lungu don rashin kayan gyara. Sai ya yi ta tā da su da sababbin sassa masu araha. Daga baya ya ƙera injin taimakon numfashin jarirai, har aka ba shi kyautar kimiyya ta Nijeriya a 2023.

Ban ce wanda ya zauna can ya yi laifi ba, gama wani bincike sai inda akwai kuɗi. Amma injin da aka ƙera domin asibitin da ba a ɗauke masa wuta, in ya tarad da ƙura da zafin bazara, ba ya daɗewa. Ɗalibin da ya tashi cikin ƙurar nan ya kamata ya gaya wa malamansa tun injin yana bisa takarda.