Shin Ya Dace a Yi Nishaɗi a Inda Aka Yi Kuka?

Yau da tambaya na zo: shin ya dace mutum ya je shan iska, ya ci ya sha ya yi dariya, a wurin da aka taɓa zubar da hawayen bayin Allah?

Garin Badagry ne ya sa ni wannan tunani. Gari ne na bakin teku a yamma da Ikko, kusa da iyakar Seme ta ƙasar Benin, ana zuwa da safe a dawo da yamma. Ni da na tashi a Dayi, babban ruwan da na sani bai wuce madatsar Mairuwa ta Funtua ba, to kin ga ranar da na ga teku dole bakina ya mutu. Ga itatuwan kwakwa reras, ga rairayi, ga iska mai sanyi, babu hayaniya. Har wani tsohon bene aka nuna mana na 1845, wanda ake cewa shi ne na farko a Nijeriya.

Amma fa a wannan gari mai kyau aka yi cinikin bayi. A gidan tarihin iyalin Mobee akwai sarƙoƙin da aka riƙa ɗaure mutane da su. In kin haye tsibirin Gberefu a kwalekwale, za ki taka hanyar da suka bi zuwa jirgin da ba a dawowa. Kada ki ce ba ruwanmu. Cikin waɗanda aka kwasa daga gaɓar nan har da Hausawa, an kai su Bahia ta ƙasar Brazil, inda bayi Musulmi suka yi bore cikin azumin 1835. Sai a 1888 Brazil ta soke bauta.

Wata za ta ce: "Haba, wuri irin wannan ai na jimami ne, dariya a nan rashin ta-ido ce." Wata kuma ta ce: "Teku ba ta sayar da kowa ba, mutane ne suka yi, kuma 'yan garin da baƙi suke cin abinci." Kowacce tana da gaskiyarta. A ganina laifin ba a dariyar yake ba, yana ga wadda ta je ta dawo ba ta ƙaru da komai ba sai hotuna. Ki huta, uwargida, ke ma mutum ce, mai surfe da daka ta cancanci ranar hutu. Amma tafiya mabuɗin ilimi ce, ki dawo da wani abu a zuciya.

Me za ki dawo da shi? Ki dubi yarinyar nan da aka kawo miki aikatau daga ƙauye. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Ƙanzo ne abincinta? Tana zuwa makaranta? Kuɗin aikinta suna isa hannun uwarta? Wadda ta yi ƙwalla a gaban tsohuwar sarƙa, ta dawo gida tana dukan 'yar mutane da muciya, wallahi kuɗin mota kawai ta ɓatar. Ɗa na kowa ne, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Allah Ya ba mu ikon tausaya wa na ƙasa da mu, amin.