Kwamfutar Jami'a Amana Ce a Wuyan Malami

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a watan Agustan 1991, ɗan jihar da ke neman digiri sai ya ɗauki jakarsa ya nufi Sakkwato ko Zariya ko Kano. Yau lamarin ya sauya. Akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta zo a 2013, ga Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a babban birnin jiha, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Manyan makarantun gwamnati irin waɗannan suna da rabo a asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta tsara, ake tara kuɗinsa daga harajin ribar kamfanoni: kashi 2 cikin ɗari da farko, ya kai kashi 3 a 2023. Da irin wannan kuɗin ake gina cibiyoyin kwamfuta, ake sayen majigi, ake biyan kuɗin shiga rumbunan mujallun bincike na duniya.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ta addini. Idan an sayi kaya, an ajiye su, malamin da aka saye su dominsa bai taɓa su ba, shin da sauran magana tsakaninsa da Ubangijinsa, ko kuwa wannan sha'anin ofis ne kawai?

Duk wanda ya san manyan makarantun Arewa ya san irin ɗakin nan. Kwamfutoci a jere, an lulluɓe kowace da leda saboda ƙurar hunturu, makullin yana aljihun wani ma'aikaci, ba a buɗewa sai ranar da baƙi masu tantance kwasa-kwasai za su zo. A ajin da ke kusa kuwa Malam na tsaye da tsohon littafinsa da takardun suka yi ja don daɗewa, yana karanto wa ɗalibai abin da shi ma aka karanto masa, su kuma suna rubutawa har yatsu su ƙage. Idan aka tambaye shi, amsarsa a shirye take: "Mu da muka yi karatu ba kwamfuta, ai ga mu mun zama mutane."

Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan Gwandu da Birnin Kebbi tun kaka da kakanni, sun yi dogon bayani a babin hubusi, wato wakafi. Sun halatta mutum ya yi wakafin abin da ake iya ɗauka, kamar littattafai, kuma manufar wakafin ita ce amfanin ya riƙa gudana. Wanda aka damƙa wa kula da littafin wakafi, ya kulle shi a akwati har gara ta cinye, bai saci komai ba, amma ya toshe hanyar da mai wakafin ya buɗe. Kayan jami'a dukiyar baitulmali ce, hukuncinta ba daidai yake da na wakafi ba ta kowace fuska. Sai dai ruhin abin ɗaya ne: ba na shugaban jami'a ba ne, ba na malami ba ne, an ajiye su ne don ɗan manomin Augie ko Kalgo da mahaifinsa ya sayar da buhunan shinkafa ya biya masa rajista. Kwamfuta kuma ba ta jira. Shekara biyar ko shida ta tsufa, ko an kunna ta ko ba a kunna ba. Kuɗin shiga rumbun mujallu na shekara yana ƙarewa ranar da ya kamata ya ƙare, ko da babu wanda ya buɗe shafi ɗaya. Almubazzaranci ba ya tsaya ga wanda ya watsar da dukiya. Wanda ya bar ta ta ruɓe a hannunsa ma yana da nasa kason.

Akwai kuma ƙa'idar malaman usulu, cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Malamin jami'a ɗan ƙwadago ne da aka ɗauka don ya karantar da ilimin fanninsa kamar yadda yake a yau. Idan a ilimin magunguna ko na noma abin da aka sani ya sauya, kuma hanyar sanin sauyin tana cikin mujallun da ba a samunsu sai ta intanet, to koyon shiga wurin ya shiga cikin aikin da ake biyansa albashi dominsa.

Tarihin wannan yanki ma bai goyi bayan mai ƙyamar kayan aiki ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Gwandu a wajajen 1829, ya rayu a zamanin da takarda ke ƙetaro Sahara a bayan raƙumi, ake dafa tawada a gida, ake feƙe alƙalami da wuƙa. Littafi ɗaya sai an yi makonni ana kwafarsa, kuma almajiri kan yi tafiyar kwanaki don ya ari wanda babu a garinsu. A cikin wannan hali ya rubuta tafsirinsa Liya'ut Ta'awili da littattafai masu yawa kan nahawu da shari'a da mulki. 'Yar ɗan'uwansa, Nana Asma'u, ta ga cewa matan karkara ba za su iya zuwa zaure ba, sai ta tsara jajis (malamai mata masu zagaya ƙauyuka) da 'yan taru (matan da ke karatu a wurinsu), ilimi ya riƙa bin su har gida cikin waƙe. Mutanen nan ba su bar wata hanya da zamaninsu ya ba su ba tare da sun bi ta ba. Da wuya a ce magajinsu shi ne wanda dubban littattafai ke jiransa a allon kwamfuta amma bai nemi lambar sirrin shiga ba.

Masu ja da wannan magana suna da hujjoji biyu, kuma dukkansu suna da nauyi.

Ta farko ita ce ilimi daga bakin malamai ake ɗaukarsa. Gaskiya ne. Shi kansa Malam Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukhi don ya lissafa malaman da ya yi karatu a gabansu da abin da ya ɗauka wurin kowanne. Na'ura ba ta koyar da ladabi, ba ta ganin fuskar ɗalibin da bai gane ba. Amma wannan hujja tana ƙara wa malami nauyi ne. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022, ɗalibi na iya haɗa babin kundin digiri cikin mintuna, har da sunayen littattafan da babu su a duniya. Al'adar da ta gina ilimin isnadi, ta tambayi wa ya faɗa kuma daga wa ya ji, ita ce ta fi cancanta ta tare wannan. Malamin da bai san yadda ƙirƙirarriyar basira ke aiki ba zai sa hannu a kan ƙarya, ya ba da shaidar zur bai sani ba. A 2023 TETFund ta ƙaddamar da dandalin TERAS, mai ɗauke da manhajar koyarwa da ta gano satar rubutu. Mai duba kundin ɗalibi yana buƙatar waɗannan, sannan ya zaunar da yaron ya tambaye shi baki da baki.

Ta biyu ita ce hali. A watan Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40, wuta na zuwa tana tafiya, man janareto ya yi tsada, malami na sayen data daga albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Yajin aikin ASUU ya cinye wata 9 a 2020, ya sake cinye wata 8 a 2022. Shari'a ba ta ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa, don haka babban kaso na alhakin yana kan hukumomin da ke sayen na'ura ba tare da tanadin wutar sola, ko mai gyara, ko horar da ma'aikata ba. Amma uzuri yana da iyaka daidai girman larurar. Rashin wuta da azahar ba ya hana malami sauke maƙaloli da safe, ko tura wa ɗalibai darasin murya ta WhatsApp, ko tsayawa a taron sashe ya ce a buɗe ɗakin nan.

Abin da ake asara kuwa a fili yake. Fadamar Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, tana cikin manyan wuraren noman shinkafa a Najeriya. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a 2015, a Argungu aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a 2017. A daminar 2020 ambaliya ta shafe gonaki masu ɗimbin yawa a jihar. Taurarin ɗan'adam na Sentinel-2 suna ɗaukar hoton wannan fadama kusan duk kwana 5, hotunan kyauta ne, manhajar QGIS da ake nazarinsu da ita ma kyauta ce. Malamin labarin ƙasa da ɗalibansa na aji huɗu za su iya zana taswirar inda ruwa ya saba kwanciya, su miƙa wa malaman gona. Malamin Larabci na iya ɗaukar na'urar sikana ya bi gidajen malamai a Gwandu da Jega, ya adana rubuce-rubucen da ke cikin gafaka kafin damshi ya gama da su. A Argungu, inda ake horar da malaman firamare da sakandare, wanda ya fita bai iya kwamfuta ba zai je ya karantar da yaran da tun 2015 ba sa rubuta jarrabawar JAMB sai a kan kwamfuta.

Ba a ce kowane farfesa ya koma masanin na'ura ba. Abin da ake nema ƙarami ne: ya taka zuwa ɗakin karatu ya karɓi lambar shigarsa, ya zauna kusa da ƙaramin malamin da ya fi shi sanin abin ya ce, "Malam, nuna mini," kamar yadda manyan malaman zaure ba su jin kunyar ɗaukar fanni wurin wanda suka girma. Shugaban sashe kuma ya sa ɗakin kwamfuta cikin jadawalin darussa na mako, a rubuta sunan mai riƙe makulli da lokacin buɗewa, a liƙa a ƙofa tun makon farko na zangon karatu.